Shagon Katunan Kwamfuta a Adum: Abin da Na Saya da Abin da Aka Hana Ni Saya

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo ce, kuma ɗan shagona yana Aboabo a nan Kumasi, inda nake haɗa bidiyon aure da suna da walimar saukar Alƙur'ani, idan azumi ya kama kuma in ɗauki tafsirin masallacin unguwarmu in watsa shi a Facebook saboda 'yan'uwa da ke Akra da Tamale da waɗanda neman abinci ya kai Italiya da Jamus. Kwamfutar da nake wannan aiki da ita ta hannu ce, wato wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, Dell OptiPlex 9020 mai dogon akwati, irin waɗanda ofisoshin ƙasashen waje ke sallamawa bayan sun ci moriyarsu, a loda su a kwantena su sauka a Tema. Ta yi mini hidima ba tare da ƙorafi ba har zuwa lokacin da iyayen biki suka fara turo mini bidiyon da suka ɗauka da wayoyinsu domin in haɗa da nawa. A nan ne ta fara tangaɗi, hoto ya tsaya murya ta wuce, aikin awa biyu ya cinye dare guda. Wannan matsala ce ta kai ni shagon da zan yi bayani a kansa, kuma cikin shekara ɗaya da 'yan watanni na je shi sau da dama, na sayi kati huɗu irin waɗanda ake sokewa a cikin kwamfuta don a ƙara mata aiki, an hana ni sayen biyu.

Kafin in san shagon, sai da na yi cinikin biri a sama. Na ga tallar katin hoto a intanet, wato katin da ke ɗauke wa kwamfuta nauyin aikin hoto da bidiyo, an rubuta GTX 1050 Ti mai gigabait 4, a kan kuɗin da bai kai rabin abin da ake sayar da shi ba, na tura kuɗi ta MoMo, wato ta wayar hannu, aka aiko mini da shi a mota. Kwalin yana da kyau, katin yana ƙyalli, har da ɗan faifan CD na direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da katin, da wata gajeriyar waya ta jan wuta. Na sa shi ya kawo hoto, Windows ma ta kira shi da sunan da aka rubuta a kwali, amma duk lokacin da na buɗe aiki mai nauyi sai allon ya cika da ɗigo-ɗigo masu launi, manhajar ta rufe kanta. Mai sayarwar ya daina ɗaukar waya. Wani abokin sana'a da ke Asawase ne ya ce in kai wa Alhaji a Adum ya duba.

Shagon yana hawa na farko na wani tsohon bene, ba nisa da wajen da masu wayoyi ke cincirindo, kuma wanda bai san shi ba zai iya wuce shi sau uku, domin allon sunansa ya koɗe kuma matakalar da ake hawa ƙunci gare ta, ga tsayi. Wanda ya ɗauko kwamfuta a ka daga tashar trotro zai isa sama yana haki. A ciki babu wani ƙawa. Akwai kanta ta gilashi da aka jera katuna cikin ledojinsu masu ruwan toka, akwai benci ɗaya na baƙi, sai wani dogon teburi a ƙurya wanda a ganina shi ne dukiyar shagon gaba ɗaya: an shimfiɗa uwar allon kwamfuta a buɗe, wato abin da masu gyara ke kira modabod, an haɗa ta da akwatin wuta da allon kallo biyu, kuma babu katin da ke fita daga shagon sai an soke shi a nan an kunna a gaban mai saye. Mai shagon dattijo ne ɗan Zango, Hausa yake yi da mu, Twi da sauran abokan ciniki, kowa kuma Alhaji yake ce masa. Yana da yara biyu masu koyon aiki da wata 'yar ƙanensa wadda ita ce ke zama a teburin gwaji mafi yawan lokaci, kuma hannunta ya fi na samarin nan biyu faɗawa.

Da na miƙa masa katin, bai ko kai shi teburi ba ya nuna mini wata kafa mai launin shuɗi a bayansa, wato kafar VGA. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Ainihin 1050 Ti ba ya zuwa da ita." Bayaninsa shi ne, daga jerin katunan da NVIDIA ta fitar a 2016 aka cire tsohuwar hanyar fitar da hoto ta analog daga cikin guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar katin, saboda haka idan aka ga wannan kafa a katin da ke ɗauke da wannan suna, to a fara zargi. Sannan yarinyar ta soke shi, ta buɗe wata ƙaramar manhaja mai suna GPU-Z, sai ga asiri a fili. Guntun da ke ciki na GTS 450 ne, katin 2010, mai ƙananan injinan lissafi 192 da ma'ajiyar gigabait 1, alhali na gaskiyar yana da 768 da gigabait 4. Maƙaryatan sun sake rubuta bayanin da katin ke gabatar da kansa da shi ne kawai, shi ya sa yake aiki lafiya har sai an nemi ya ajiye abin da ya wuce gigabait ɗaya, daga nan ya rikice. Faifan direban da aka haɗo da shi ma wani ɓangare ne na yaudarar, domin sabon direban kamfanin ba zai karɓi katin ba. Gajeriyar wayar nan kuwa, wadda ke jan wuta daga mahaɗin SATA zuwa mahaɗi mai fil 6, Alhaji ya ce in gode wa Allah da ba ta narke ba, tunda mahaɗin SATA bai wuce ya ɗauki wat 54 ba, katin kuma yana iya neman fiye da wat 100 gaba ɗayansa. Duk wannan duba bai karɓi ko sisi ba, ko da yake na san ya san zan sayi wani a hannunsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tambaye ni nawa nake da shi ba. Tambayarsa ta farko ita ce wace kwamfuta ce, ta biyu kuma wane aiki nake yi da ita, da na kasa faɗin ƙarfin akwatin wutarta sai ya ce in koma in ɗauko ta. Raina ya ɗan sosu, don daga Adum zuwa Aboabo da dawowa cikin cunkoson Kejetia ba ƙaramin aiki ba ne, amma washegari da ya buɗe murfin ya nuna mini dalili, na gane cewa gaskiyarsa ce.

Ga yadda ya fayyace mini, kuma na ga amfanin in maimaita shi domin mafi yawan asarar da 'yan'uwa ke yi daga rashin sanin wannan take fitowa. A jikin uwar allo akwai guraben da aka tanada don a ƙara wa kwamfuta abin da ba ta zo da shi ba, ko a maye gurbin wanda ta zo da shi amma ya gaza. Katin da ake sokewa a ciki shi ne katin faɗaɗawa. Guraben zamanin nan PCI Express ne, tsarin da ya fito a 2003, kuma ana auna su da yawan layukan da bayanai ke bi: akwai mai layi 1, mai 4, mai 8 da mai 16. Ƙaramin kati yana shiga babban gurbi ya yi aiki, amma tsawon gurbi ba ya nuna yawan layukan da aka haɗa masa. A kwamfutata akwai gurbi huɗu: na sama mai layi 16 na gaske, sai ƙarami mai layi 1, sai tsohon gurbin PCI irin wanda Intel ta ɓullo da shi a 1992, sai na ƙasa wanda tsawonsa na 16 ne amma layi 4 kacal aka ja masa. Shi ma tsarin yana da zubi-zubi, kowane zubi ya ninka na bayansa sauri: na farko megabait 250 a daƙiƙa a kowane layi, na biyu 500, na uku kusan 985, haka har zuwa na huɗu da na biyar, kuma sabon kati yana aiki a tsohon gurbi, sai dai zai tafi da saurin wanda ya fi rauni a cikinsu. Magana ta biyu ita ce wuta. Babban gurbin ba ya ba kati fiye da wat 75, duk katin da ke buƙatar ƙari sai an ja masa waya daga akwatin wuta, mai fil 6 ta ƙara wat 75, mai fil 8 ta ƙara 150. Akwatin wutar kwamfutata wat 290 ne, kuma babu irin wannan waya a jikinsa. Da wannan bayani kaɗai aka cire mini fiye da rabin katunan da ke cikin gilashi daga lissafi.

Idona ya tsaya a kan wani RX 580 mai gigabait 8, babba mai fanka biyu, kuma kuɗinsa bai fi na wanda na saya daga baya da yawa ba. Wannan shi ne kati na farko da aka hana ni. Yana cin wuta har wat 185, saboda haka akwatin wutata ba zai ɗauke shi ba, kuma Alhaji ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa yawancin irinsa da ke yawo a kasuwa sun fito ne daga hannun masu haƙar kuɗin intanet, waɗanda suka zubar da su bayan Ethereum ta daina amfani da haƙa a watan Satumban 2022. Sun yi shekaru suna aiki dare da rana, wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Ya ce yana sayar wa ɗaliban jami'ar KNUST masu wasan kwamfuta waɗanda suka haɗa injinsu da kansu da babban akwatin wuta, kuma yana faɗa musu tarihin katin kafin su biya. Daga can sai na koma ga mafi araha, GT 1030, wanda ba ya cin fiye da wat 30. Nan ma yarinyar ta tare ni da magana biyu. Ta farko, katin iri biyu ne da suna ɗaya, mai ma'ajiyar GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun bai kai rabin na farkon saurin ma'ajiya ba, don haka dole a karanta kwali da kyau. Ta biyu, wadda ta fi shafata, ba shi da sashen da ke matse bidiyo, wanda ake kira NVENC, wato zai taimaka wajen kallo amma ba zai rage mini daren da nake kwana ina jiran aiki ya fita ba.

Abin da ya rage shi ne ainihin GTX 1050 Ti, na hannu, wanda ke wadatuwa da wat 75 na gurbi ba tare da wata waya ba. Akwai GTX 1650 na 2019 wanda shi ma akwai irinsa da ba ya neman waya kuma ya fi ƙarfi, amma aljihuna bai kai ba. An soke katin a teburi, aka sa masa aiki mai nauyi na kusan rabin awa muna kallon zafinsa a allo, aka gwada kafofinsa uku ɗaya bayan ɗaya, wato HDMI da DisplayPort da DVI, sannan aka sa shi a kwamfutata aka sauke direba daga shafin kamfanin. A nan ne na fahimci asalin ciwon da ya dame ni. Wayoyin zamani da dama suna ajiye bidiyo a tsarin HEVC, iPhone ma tun 2017 take haka, firosesar kwamfutata kuwa, wato ƙwaƙwalwarta, Core i5 ce ta zubi na huɗu wadda ba ta da cikakken sashen warware wannan tsari, shi ya sa take wahala. Katin yana warware shi kuma yana matse shi da kansa. Tun daga ranar bidiyon iyayen biki yake tafiya sumul, kuma aikin da nake bari ya kwana yanzu yakan fita kafin in gama cin abincin dare. Fankarsa tana da ɗan sauti idan aiki ya yi nauyi, kuma kaurinsa ya rufe ƙaramin gurbin da ke ƙarƙashinsa, abin da aka gaya mini tun kafin in biya.

Zuwana na uku saboda wata Hajiya ne daga Alabar, wadda ta kawo mini jakar leda cike da ƙananan kaset na MiniDV, na auren 'ya'yanta da na dawowar maigidanta daga Makka, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa. Tsohuwar kyamarar tana nan tana aiki, amma hanyar da za a kwashe hoton daga cikinta ba tare da ya ragu ba ita ce kafar FireWire, wadda kuma ake kira IEEE 1394, kuma kwamfutocin ofis ba su zuwa da ita. Na zaga shaguna huɗu a Adum, samarin da ke ciki ba su ma taɓa jin sunan ba. Alhaji ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta ya fito da guda uku, biyu na PCI Express, ɗaya na tsohon PCI, ya ce in ɗauki na tsohon, domin gurbin nan yana zaune banza, kuma megabait 133 a daƙiƙa da yake iya ɗauka ya fi ƙarfin abin da kaset ɗin DV ke turowa nesa ba kusa ba, tunda shi bai wuce megabait 4 ba. Ya haɗa mini da waya mai fil 6 a gefe ɗaya da fil 4 a gefen kyamara, ya kuma gargaɗe ni in kashe kyamarar kafin in soke wayar. Wannan shi ne kati mafi araha da na saya a wurinsa, kuma shi ne ya fi dawo mini da kuɗinsa, domin bayan Hajiya ta ga mijinta yana sauka daga mota da farar hula a allon wayarta, labari ya bazu, har yanzu ana kawo mini kaset daga Sawaba da Ayigya. Kowane kaset na awa ɗaya yana cin kusan gigabait 13, kuma awa ɗayar cur ake zaune ana jira, babu hanyar gaggautawa.

Wannan cin wuri ne ya sa na koma neman katin da ake ɗora faifan ajiya na NVMe a kansa, don na ji ana cewa ya ninka faifan SSD na SATA sauri, wanda ba ya wuce kimanin megabait 550 a daƙiƙa. Shi ne kati na biyu da aka hana ni. Alhaji ya ce zai yi aiki a matsayin ma'ajiya, amma kwamfutata ba za ta iya tashi daga kansa ba sai an yi wa BIOS ɗinta, wato manhajar da ke tayar da ita, kwaskwarima, aikin da in ya kuskure uwar allon ta tafi, kuma shi ba ya yi wa mutane. Ya ƙara da cewa gurbi ɗaya ya rage mini, in tuna azumi na tafe. Na sayi SSD na SATA, na bar gurbin.

Da Sha'aban ya kama na dawo na cike shi da katin kama bidiyo, wanda ke karɓar hoto daga kyamara ta HDMI ya miƙa wa manhajar OBS domin watsawa kai tsaye. Kafin nan ina amfani da wani ɗan ƙaramin abin USB mai kama da filasha, wanda ke yin zafi ya yanke ana tsakiyar fassarar aya, jama'a su yi ta aiko saƙo cewa Malam ya tsaya. Wanda na saya na hannu ne, mai layi 1, yana ɗaukar hoton 1080 da sauti tare, kuma ya yi kwana 29 bai yanke ba, sai ranar da aka ɗauke wuta. Abu ɗaya da ba a gaya mini ba, na gano da kaina, shi ne sautin da ke zuwa daga lasifikar masallaci ta wata hanya daban yakan riga hoton da ɗan kaɗan, sai an daidaita jinkirin a cikin manhajar. Na tambayi katin sauti a wannan zuwan, sai Alhaji ya ce ba na buƙata, domin wanda ke jikin uwar allo ya isa sauraro, wanda kuma yake son ɗaukar ƙasida ko wa'azi da makirfo na ƙwarai, akwatin sauti na waje mai USB ya fi masa, saboda yana da mahaɗin XLR da wutar bolt 48 da irin waɗannan makirfo ke nema, ga shi nesa da hayaniyar wutar cikin kwamfuta.

Yanzu sai abin da bai yi mini daɗi ba, kuma yana da ɗan yawa. Ina da wata ƙaramar kwamfuta siririya da ƙanena ke buga takardu da hotunan fasfo da ita, na so in sa mata katin Wi-Fi domin mu rabu da wayar da ke ratsa tsakar shago. Ranar da na je Alhaji ya tafi jana'iza, yarinyar ma ba ta nan, sai ɗaya daga cikin samarin ya miƙo mini kati mai guntun Intel AX200, wanda ke ɗaukar Wi-Fi 6 da Bluetooth, ya karɓi kuɗi, bai tambaye ni komai ba, bai kuma gwada ba, ni ma da yake na saba da shagon ban matsa ba. Da na isa gida sai na tarar ƙarfen bayan katin dogo ne, na babban akwati, siririyar kwamfuta kuwa gajeren ƙarfe take ɗauka, kuma babu shi a cikin ledar. Haka kuma babu siririyar wayar da ake haɗa katin da mahaɗin USB na jikin uwar allo, wadda in babu ita Wi-Fi zai yi aiki amma Bluetooth ba zai ko bayyana ba. Na sake biyan kuɗin mota na rasa rabin yini. Alhaji ya ba ni haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana fiye da yadda na so, ya nemo ƙarfen da wayar ya ba ni kyauta. Duk da haka abin ya nuna mini cewa ingancin shagon yana tattare da mutum biyu ne, ranar da ba su nan kuwa shago ne kamar kowane shago. Katin kansa ba shi da laifi, yana kama zangon gigahaz 5 daga ɗaki zuwa ɗaki da eriyarsa biyu, ko da yake bangon siminti biyu ya isa ya mayar da shi kan zangon gigahaz 2.4.

Farashin Alhaji ma ya fi na maƙwabtansa, kuma ba a rubuta shi a jikin kaya, sai an tambaya, amsar kuma tana bin dala, ta yadda abin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ne ka same shi ranar Asabar ba. Ragin da yake yi kaɗan ne, in ka matsa sai ya nuna maka teburin gwaji ya ce kuɗin wancan ne. Na yarda da hujjar a kan katin hoto, amma ban ga dalilin da zai sa waya ko ƙaramin katin USB su yi tsada haka ba. Garantin kayan hannu wata ɗaya ne, wanda a ganina ya yi kaɗan ga katin da kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin kwamfutar, kuma ba ya ɗaukar abin da wuta ta ƙona, sharaɗin da ke da nauyi a garin da aka san dumso, wato yawan ɗauke wuta, da dawowar wuta da ƙarfi. Abin yabo a nan shi ne yana rubuta lambar jikin katin a rasit da hannunsa, saboda haka babu gardamar cewa ba wannan aka sayar maka ba. Jira ma akwai shi, tunda teburin ɗaya ne kuma kowane gwaji yana cin lokaci, ranar Juma'a kuma ana rufewa tun kafin azahar sai an sauko daga masallaci.

Akwai wata magana da nake ganin ya kamata a ce shi ya fara ɗago mini ita, amma bai yi ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman firosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, tawa kuwa ta huɗu ce. Babu katin da ke gyara wannan. Mutumin da ya hana ni sayen abu biyu don kada in yi asara, ya dace ya ce mini in yi lissafin ko zuba kuɗi a tsohuwar inji ya fi tara su don wata. Da na tayar da zancen, amsar da ya ba ni ita ce katin hoto da na kama bidiyo da na Wi-Fi duk za su bi ni zuwa sabuwar kwamfuta, na FireWire kaɗai zai tsaya saboda sababbin alluna sun daina zuwa da gurbin PCI. Amsa ce mai ma'ana, sai dai ni na nemo ta.

Sauran kayan da ke cikin gilashin ban gwada su ba, amma na ga masu sayensu. Akwai katin sadarwa mai kafa huɗu da masu shagon intanet da masu kula da kwamfutocin makarantu ke nema, akwai katin da ke ƙara kafofin USB 3.0 ga injin da ya tsaya a 2.0, wato daga megabit 480 zuwa gigabit 5 a daƙiƙa, akwai mai ƙara mahaɗan SATA, akwai kuma mai tsohuwar kafar firinta da kafar siriyal, wanda wani mai yanka sitika daga Bantama ya zo nema ina zaune, domin injinsa na yanka ya girmi kwamfutarsa da shekaru da yawa kuma lafiyarsa lau. Suna kuma wanke kati su sake masa man sanyaya, aikin da na kai nawa aka yi bayan hunturu, lokacin da ƙura ta toshe ƙarfen sanyayawar har fankar ta fara kuka.

Wanda zai je, ya tafi da kwamfutar kanta in zai iya, in ba zai iya ba ya buɗe murfin ya ɗauki hoton guraben da na takardar da ke manne a jikin akwatin wuta, ya kuma tabbatar Alhaji ko 'yar ƙanen nasa na nan kafin ya hau matakalar. A bangon da ke bayan kanta akwai wani katako da aka kafe tsofaffin katuna a jiki, waɗanda ba na sayarwa ba ne: wani dogon katin ISA irin na gurbin da IBM ta fara sa wa kwamfutarta a 1981, wani Sound Blaster daga zuriyar da kamfanin Creative na Singafo ya fara a 1989, katin hoto na AGP daga ƙarshen shekarun 1990, da modem mai kilobit 56 wanda Alhaji ya ce da irinsa ake shiga intanet a Kumasi a da ta layin tarho. A zuwana na ƙarshe na ga an ƙara ɗaya a ƙasan layin. Jabun katina ne, wanda na bar masa tun ranar farko, an zagaye shuɗiyar kafar nan da jan alƙalami, kuma ina tsaye wani saurayi ya shigo da irinsa sak a cikin kwali.